Kada ka bari a haɗa maka "direkt"

Afirilu ya kama, zafi ya haye digiri 40, masu gyaran firigo da kilim daga Zango har Sabon Gari ko lokacin cin abinci ba su da shi. Akwai maganar da ke yawo a bakin wasunsu, ita nake so mu duba yau: "Alhaji, termosta ce ta mutu, bari in haɗa maka direkt."

Don Allah kada ka yarda.

Termosta ƴar ƙaramar aba ce, amma ita ke jin zafi da sanyi a madadin injin. In sanyi ya kai inda aka sa, sai ta yanke wuta, kwampiresa ya huta. In ɗumi ya dawo, ta sake tada shi. Haɗa direkt kuwa shi ne a tsallake ta, a game wayoyin biyu, injin ya yi ta gudu dare da rana. Satin farko ka yi ta sa wa mai gyara albarka. Ƙarshen wata faktir ɗin kuran ya hau. Wata rana kwampiresa ya ƙone, kuma kuɗinsa ya ninka na termosta nesa ba kusa ba. Waɗanda abin ya fi ci su ne iyayenmu mata masu sayar da ƙanƙara da bisaf, waɗanda kwanjalata ɗaya ce duk jarinsu.

Na san hujjar da ake kawowa. Ana cewa kuran ba ya zama, gara injin ya yi aiki iya ƙarfinsa kafin a ɗauke. Gaskiya ne ba ya zama. Babban layin da ke shayar da mu daga Katsina yake fitowa ya biyo ta Gazawa, kuma ba mu manta da abin da muka sha ba lokacin da Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023. Amma ku lura, muddin cikin firigo da ɗumi, termosta mai lafiya ba ta tsayar da injin. Sai sanyi ya kai take yankewa. Ke nan direkt bai ƙara wa injin ƙarfi ba.

Sai maganar inda ake kafa kilim. A Faransa da Amurka, inda hunturu ke sa a hura injin ɗumama gida, termosta a bango take, kuma ƙa'idarsu sananniya ce: bangon ciki, tsawon wajen mita ɗaya da rabi, nesa da rana da ƙofa da murhu. Mu nan tamu tana cikin kilim ɗin kansa, inda yake shaƙar iska. Duk inda ka rataye shi, can ka ajiye kunnensa. Ka sa shi saman tele, ko daf da ƙofar da yara ke buɗewa kowane lokaci, zai yi ta jin zafi, ba zai huta ba. Kuma danna telekomand zuwa 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da wuri a irin kilim ɗin da yawancinmu ke da shi, hana shi tsayawa kawai yake. 25 ko 26 da fanka ta wadatar.

In za a canza masa wuri, nan ake yin ɓarna. Waya ba ta kai ba, sai a ƙaro guntu, a murɗe, a naɗe da sikoc, a binne cikin bango. Wannan mahaɗar ce ke yin zafi har ta kama. Kilim na son wayarsa ta kansa tun daga tablo, mai kaurin 2,5, ba ta 1,5 ta fitila ba, da dizonktar nasa shi kaɗai. Kafin a taɓa ko waya ɗaya a sauke kuran, 220 ba abin wasa ba ne. In an ɗauke wuta aka maido nan take, a ba injin kamar minti 3 kafin a kunna.

Ƴan uwana masu gyara, na san sau da yawa mai kaya ne ke cewa a yi mai sauƙi. Ku faɗa masa abin da zai biyo baya, ya zaɓa da saninsa. Kai kuma mai kaya, ka ce a sayo sabuwa a sa gabanka, a miƙo maka tsohuwar a hannu.