Birnin alƙalami da bai taɓa yin takardarsa ba

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, aka ba shi damar ɗaga wani tsohon rubutun hannu ga hasken taga, yana iya ganin wani abu da ba malamin ne ya rubuta ba: jinjirin wata guda uku a jere, a cikin jikin takardar kanta. Wannan tambarin masana'antun arewacin Italiya ne, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce ta iyalan Galvani da ke kusa da garin Pordenone. Da tsummokara suke yin takardar, a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Masar da Tarabulus, daga can ayarin raƙuma ya ratso Sahara da ita har Kano da Sakkwato. Masu kamfanin sun san kasuwarsu, sun san Musulmi ne masu saye.

Wato daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka gina a kan rubutu, takardarta ta ƙetare ce. Tawada tamu ce, alƙalami namu ne, amma abin da ake rubutu a kai sai an jira fatake. Yau ma muna nan a inda muke, sai dai dala ta maye gurbin raƙumi. Duk uban da ya sayi littattafan rubutu a farkon zangon karatu ya san farashinsu na tashi ne tare da canjin kuɗi.

Nijeriya ta yi yunƙuri. Masana'antar takarda ta Jebba, a bakin kogin Kwara, ta fara aiki a 1969. Aka kafa ta Oku Iboku don takardar jarida, da ta Iwopin don takardar rubutu da ɗab'i. Kafin shekarun 1990 su ƙare, duk ukun sun tsaya. An sayar da ta Jebba ga 'yan kasuwa a 2006, ta dawo aiki tana sarrafa tsofaffin takardu.

Ana yawan ɗora laifin a kan rashin wutar lantarki da sakacin gwamnati, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina tushen matsalar ya fi haka zurfi: mun sayo injuna kafin mu tanadi abin da za su ci. Takarda mai ƙarfi tana buƙatar ƙullu mai dogon zare, irin wanda ake samu daga itatuwan ƙasashen sanyi. Malainar da muka dasa gajeren zare gare ta, don haka sai an shigo da mai dogon zaren daga waje. Da naira ta faɗi bayan 1986, masana'antun suka kasa saye. Manyan kamfanonin duniya sun gane cewa sana'ar takarda noman daji ce tun asali. Suzano na Brazil yakan dasa turare, ya jira kimanin shekara 7 kafin ya sare, kuma dashe ba ya tsayawa.

Ba ina kiran a sare dajin Sakkwato ba ne. Ƙasar da hamada ke matsowa ba ta da itacen da za ta bayar. Abin da muke da shi shi ne rama. Wannan da muke kwaɗon ganyenta, muke tufka igiya da ɓawonta, ɓawon nan nasa dogon zare ne, kuma cikin wata 4 zuwa 5 take isa girbi. Ga karan dawa, ga kuma haukin shinkafa da ake ƙonewa a fadamun Rima bayan girbi.

Saboda haka duk mai mulkin da ya zo da alƙawarin farfaɗo da masana'antar takarda, tambayar farko da ta kamata a yi masa ita ce: wa zai noma zaren, a ina, kuma wa zai saya a hannun manomi a kan farashin da aka yi yarjejeniya tun kafin shuka? Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar aikin gona da za ta iya gwada irin ramar da ya dace da ƙasarmu. Idan ba a amsa wannan tambaya ba, sabon injin ma tsatsa zai yi kamar na Iwopin, yaranmu kuma su ci gaba da rubutu a kan takardar da farashinta ke hannun wasu.