A Tallafa Wa Yaranmu Su Karanto Ilmin Sulhu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini don in yi kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, da masarautarmu, da attajiranmu, a kan wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya.

Duk manomin da ke wannan yanki ya san da kaka ta kama hankali ba ya kwanciya. Ko shanu sun faɗa gona kafin a kwashe dawa, ko wani ya nome burtali ya toshe wa makiyaya hanya, ko 'yan'uwa sun sa gonar gado a gaba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 filin noman rani ya yi daraja, rigimar iyaka kuwa ta ƙaru. Rogo kuma tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, dabbobi na shiga suna fita. In magana ta kai kotu, kuɗin mota da na lauya da yawan ɗage shari'a sai su cinye abin da ya fi ɓarnar da aka yi. Ka sayar da buhu biyar don neman diyyar buhu biyu, ga gaba har ga jikoki.

Jama'a, ashe sasanta mutane ilmi ne da ake yi wa digiri na biyu. Ana karanta shi a Jami'ar Ibadan, ana kuma karanta shi a jami'ar nan ta karatu daga gida, wato NOUN. Gwamnatin Tarayya ma ta yi sabuwar doka a kan sulhu a 2023. To amma ina ɗan talaka zai samo kuɗin wannan karatu? Uban da ya sayar da akuya da gyaɗa kafin yaro ya gama digirin farko ba shi da sauran abin sayarwa. Hukumar TETFund malaman manyan makarantu take biya wa, ita kuwa PTDF ta fi karkata ga harkar man fetur. Ɗaliban da Gwamnatin Kano ta fara turawa ƙasashen waje a 2023, Allah ya saka da alheri, masu sakamako mafi daraja aka nema, kuma ba kowa ke samun haka ba.

Akwai tallafin waje da yawancinmu ba mu ma san da shi ba. Gwamnatin Ingila na da wanda ake kira Chevening, ana biya wa mutum kuɗin makaranta da na jirgi da na abinci, da sharaɗin ya dawo gida ya yi shekara 2. Ƙungiyar Rotary ita ma tun 2002 take ɗaukar nauyin masu karatun zaman lafiya a wurare irin su Jami'ar Bradford. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: Chevening na son wanda ya yi aiki na shekara 2, Rotary kuwa shekara 3 a irin wannan fanni. Yaranmu da suka gama bautar ƙasa suna zaune a bakin kasuwa, wace takardar aiki za su nuna?

Shawarata ita ce a haɗa kowane dagaci da yaro ɗaya mai digiri, ya zama magatakardan zaman sulhu. Ya rubuta wanda ya kawo ƙara, da abin da aka daidaita a kai, da shaidu, mai gona da Ardo su sa hannu. Ƙaramar hukuma ta riƙa ba shi ɗan alawus da takardar shaidar aiki. Bayan shekara 2 ko 3 yana da abin da zai nemi tallafin waje da shi. Wanda bai dace ba, a biya masa ya yi a nan gida. Kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki ko da mutum biyu a shekara, a sa mace a ciki, domin akwai rigimar aure da ta gado da mata ba za su iya faɗa a gaban maza ba. A kuma nemo 'ya'yan Fulani masu karatu, kada makiyayi ya ga kamar an haɗa masa kai. Amma a rubuta yarjejeniya, duk wanda aka biya wa sai ya dawo ya yi wa yankin aiki, kada ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta.

Na san wasu za su ce iyayenmu sun yi sulhu ba su da digiri. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai maye gurbin dagaci da liman. Amma sulhun baka da shaidu yake tafiya, ran da dattawan suka rasu sai 'ya'ya su tono magana. Dattijo na da kwarjini, yaro na da alƙalami da sanin doka, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Tun da dokar 2024 ta sa Karaye da Rogo a masarauta ɗaya, ina roƙon Mai Martaba Sarkin Karaye ya jagoranci wannan asusu. Mu ƙananan 'yan kasuwa za mu ba da namu gwargwadon hali, in dai za a zaɓi yara bisa cancanta ba don ɗan wane ko ɗan jam'iyya ba. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi daga Karaye,
Jihar Kano.