Fim ɗin Hausa da kambun AMVCA: laifin alƙalai ne ko namu?

Duk shekarar da aka raba kyaututtukan AMVCA a Legas, sai Facebook da TikTok su cika da ƙorafi: an yi mana wariya, an danne Arewa. Amma kafin mu ɗora laifi, ya kamata mu duba abin da ya canza.

A da, fina-finan Hausa na da rukuninsu na kansu a gasar, kamar na Yarbanci da Ibo. Ko yaya aka yi, wani namu zai dawo gida da kambu. A 2024 aka haɗe su wuri guda, aka ce fim ɗin harshen gida na Afirka ta Yamma. Jagun Jagun na Femi Adebayo ne ya lashe, fim ɗin Yarbanci da aka kashe wa kuɗi, kuma yana kan Netflix. Ma'ana yanzu babu kason da aka ware mana, sai wanda aikinsa ya fi.

To harshen ne matsalar? Sam. A 2019 an cire Lionheart daga takarar Oscar saboda Turanci ya yi masa yawa. Bayan nan sau biyu Najeriya na tura fim mai Hausa. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele ya zama gwarzon fim a AMAA ta 2020, inda Maryam Booth ta ci kyautar mataimakiyar jaruma. Sai Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, aka tura a 2024. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma sun nuna Hausa na iya wakiltar ƙasa.

Tambayar ita ce, mu nawa muka kalle su? Mu da muka haddace ranar da Labarina ke fita, muka san wace jaruma ta canza mota, da yawanmu ba za mu iya faɗin sunan mai ɗaukar hoto ko marubucin fim ɗaya ba. Alhali su ake aunawa: labari, sauti, haske, tace hoto. Furodusa kuwa ɗan kasuwa ne. In ya ga fuskar jarumi da waƙa biyu sun isa su kawo masa masu kallo a YouTube, me zai sa ya biya mai sauti kuɗin kirki?

A ganina, fim ɗin da ya cancanci kambu shi ne wanda Bayarabe ko ɗan Kenya zai bi fassarar ƙasan allo ya kalla har ƙarshe, ba don ya san jarumin ba. Muna da masu iya wannan a Kano da Kaduna da Jos. Abin da ya rage namu ne: mu kalla ta hanyar da kuɗin zai isa gare su, mu bar tura fim a Telegram, mu riƙa ambaton daraktoci yadda muke ambaton jarumai. In an buɗe zaɓen masu kallo kuma, mu kaɗa ƙuri'a kafin mu zo ƙorafi.