Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A shekarar 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Bayan wasu shekaru, haƙoran yara suka riƙa dafewa, ƙafafun wasu suka lanƙwashe. Da aka auna ruwan, sai aka tarar wani sinadari mai suna fulor ya yi masa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya. Na Tsibiri ya zarce haka nesa ba kusa ba. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, FIDH da ANDDH, suka fitar da rahoto a kan yaran.

Wani zai ce: "Ai shan inna ma yana nakasa yaro. Yaya aka san ruwan ne?" Tambaya ce mai kyau. Mu ƙara mata wata: da yaron bai sha ruwan nan ba, da ya nakasa?

Ba a mai da hannun agogo baya, amma ana iya ƙidaya. Ga misali, ba ƙidayar Tsibiri ba ce. A ce cikin yara 100 masu shan ruwan fanfo, 20 sun kamu da ciwon ƙashi. Cikin yara 100 masu shan wata rijiyar, 2 ne suka kamu. Ke nan, ko babu fanfon, 2 za su kamu. Sauran 18 fa? Alhakinsu yana kan ruwan. Saboda haka, cikin kowane yara 10 masu ciwon da suka sha fanfo, 9 ruwan ne sanadinsu. Sharaɗi ɗaya ne: yaran su zama sa'o'in juna, cimarsu iri ɗaya.

Manomi ya san wannan dabara. Mai noman rani a Jiratawa, in yana son sanin amfanin taki, yakan bar kunya ɗaya bai sa mata ba, ya gwada a lokacin girbi.

A ganina, kada mu ɗora laifi da zato, kada kuma mu ce ƙaddara ce mu naɗe hannu. Yanzu da muka iya rubutu, mu sami littafi a kowace unguwa. Mu rubuta wanda ya kamu da ciwo, da shekarunsa, da inda yake shan ruwa, mu kai wa likita. In an haƙa sabuwar rijiya kuma, mu nemi a auna ruwanta kafin yaranmu su sha.