Kyamarar roba ta fi wayar yaya dacewa da hannun ƙaramin yaro

A Bunkure da Kura, inda ruwan Dam ɗin Tiga ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir, ba a rasa yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da ya huda kwalin ashana, ya kara a ido, yana ce wa abokansa su gyara tsayuwa zai ɗauke su bidiyo. Abin da ya ga yayyensa na yi da waya yake kwaikwaya. Matsalar tana farawa ne ranar da ya sa kuka, aka miƙa masa wayar gaske don ya yi shiru.

Wayar matashi a wannan yanki ba abin wasa ba ce. A cikinta akwai manhajar banki, lambobin dillalan tumatir, da hotunan iyali. Ta suɓuce cikin magudanar ruwa, sai tafiya Farm Centre a Kano neman mai gyara. Wannan ma mai sauƙi ne. Yaro na iya ɗaukar matan gida ba su sani ba, ya latsa ya tura a status na WhatsApp. Abin da ya hau intanet kuwa ba ya dawowa. TikTok da kansa bai yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba.

Shi ya sa kyamarar roba, wadda ba ta ɗaukar komai sai ƙara da fitila, ta fi dacewa. Tana ba yaro abin da yake nema: ya zama darakta, ya raba wa ƙannensa rawar da za su taka, ya tsara labari da bakinsa. Ba data, ba talla, ba baƙon da zai turo saƙo.

Wasu za su ce gara a sayi mai haɗawa da intanet, tunda ita ce ta zamani. Sai dai a 2015 masu kutse sun shiga rumbun kamfanin VTech, mai ƙera kayan wasan yara, suka kwashe bayanan yara sama da miliyan 6. Abin wasan da ba ya haɗuwa da komai ba shi da abin sata.

Wasu kuma na ganin tana koya wa yaro son TikTok. Ai tuni ya gani a hannun manya. Kyamarar ba ta ƙara masa komai ba, ta dai cire haɗarin.

Mai saye ya duba abu biyu: murfin batir ya kasance mai sukurum, domin ƙaramin batir irin na agogo yana ƙona maƙogwaro idan aka haɗiye shi, sannan babu ƙananan sassan da ke ɓallewa. In babu kuɗi, kwali da karan dawa sun wadatar. Yaron da ya ƙera motar kara ba zai gaza ƙera kyamara ba.