Awon da ake yi a sama ya shafi ruwan gonakinmu

Duk ɗan kasuwa ya san idan sikeli na rawa, ba a gane nauyin kaya. Irin matsalar da masana ke fama da ita ke nan a shirin LISA, wanda hukumar binciken samaniya ta Turai ta amince da shi a 2024, ana sa ran harba shi wajen 2035. Kumbo uku za su jeru kamar duwatsun murhu, tsakanin kowane biyu kilomita miliyan 2.5, suna aika wa juna hasken leza. Abin da za su auna shi ne girgizar da sarari ke yi idan baƙaƙen ramukan sama suka yi karo, wadda aka fara kamawa a Amurka a 2015.

Sai dai hasken kansa yana rawa, kuma rawar ta fi abin da ake nema nesa ba kusa ba. Dabarar ita ce a rubuta kowane awo da lokacinsa, kwamfuta ta jinkirta wani ta ɗebe shi daga wani, rawar ta kashe kanta. Kamar dai cire nauyin buhu ne a san na riɗi.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita? To, da ruwanmu. A 2018 an harba tagwayen taurarin ɗan Adam, GRACE-FO, ɗauke da irin wannan leza. Suna auna yadda nauyin ruwa ke ƙaruwa ko raguwa a faɗin yanki, har da tuddan Habasha inda koginmu ke fitowa. Tun da Habasha ta buɗe babban dam ɗinta a 2025, ruwan da ke isowa Rusairis, Mai Wurno da Sinnar ya dogara da abin da aka sako. Ruwan nan kuwa shi ke yanka farashin dawa da auduga har kasuwar Gallabat.

Don haka muna kira ga ma'aikatar ban ruwa ta riƙa sanar da irin wannan awo a rediyo. Mu kuma 'yan kasuwa mu haɗa kuɗi mu ɗauki nauyin yaranmu su karanta kimiyya a Jami'ar Jazira da ke Madani. Wanda bai iya duba sikeli ba, abin da aka faɗa masa shi zai biya. Allah ya sa mu gane.