Lafiya Uwar Jiki: Ciwon Ƙashi Mai Hana Barci

Akwai wani ciwo da yakan kama matasa, galibi maza 'yan ƙasa da shekara 30, a ƙashin cinya ko na ƙwauri. Da rana yakan lafa, da dare kuwa sai ya taso ya hana barci. In an sha asfirin ya kwanta, ƙarfin maganin na wucewa ya dawo. A Yola da Jimeta, kamar sauran garuruwan Arewa, akan ce sanyin ƙashi ne ko sammu, a yi ta kai yaro wurin mai ɗori, don tsoron kada asibiti ta yanke ƙafa.

Sau da yawa abin da ke jawo shi wani ɗan ƙari ne kamar ƙwayar gyaɗa, wanda likitoci ke kira ostiyoid ostiyoma. Likita Henry Jaffe na Amurka ne ya fara bayaninsa a 1935. Ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma bazuwa cikin jiki.

A da sai an yi fiɗa an sassaƙe ƙashin, majinyaci ya yi makonni yana dogara sanda. Amma a 1992 Likita Daniel Rosenthal na birnin Boston ya fito da wata dabara. Bayan an sa majinyaci barci, sai a duba da na'urar hoto ta CT, a zura allura har tsakiyar ƙarin, a sake mata zafin lantarki na digiri 90 wajen minti 6, ƙarin ya ƙone. Yawanci akan sallami mutum a ranar ko kashegari, kuma kimanin 9 cikin 10 suna warkewa.

To, sai dai a yi hattara. Ciwon daji na ƙashi shi ma matasa yake kamawa, kuma gwajin asibiti ne kaɗai ke bambanta su. Saboda haka duk yaron da ƙashi ya hana shi barci makonni, iyaye su kai shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, su nemi hoto, su kuma tambayi likita ko aikin allura zai yiwu.

Su kuwa hukumomi, wajibi ne su tanadi na'urorin, su horar da likitoci. Iyayen da suka tabbata allura ce ke jiran ɗansu, ba wuƙa ba, ba za su ɓoye shi a gida ba.